Tambaya da Amsa: Yadda Ake Fitar da Kod da Edita Daga Taswirar Bayanai

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a shekarar ƙarshe, kuma aikin kammala karatuna manhajar ajiye bayanan shagon magani ce. Mai duba aikina ya ce in yi amfani da EMF, wai in zana tsarin bayanan kawai, kwamfuta za ta rubuta sauran. Ta yaya zane zai zama manhaja?

Amsa: Ɗan'uwa, mai duba aikin naka ya faɗi gaskiya, sai dai kalmar "sauran" tana buƙatar a yi mata iyaka. EMF, wato Eclipse Modeling Framework, kayan aiki ne da ya samo asali daga kamfanin IBM, wanda ya buɗe tushen Eclipse, wato manhajar da ake rubuta wasu manhajoji a cikinta, ga jama'a a shekarar 2001, kafin a kafa gidauniyar Eclipse mai zaman kanta a 2004. Tunanin da aka gina shi a kai shi ne cewa kaso mai yawa na kod, wato rubutattun umarnin manhaja, da ake rubutawa don riƙe bayanai maimaici ne zalla, kuma duk abin da yake bin ƙa'ida ɗaya a kowane lokaci na'ura za ta iya rubuta shi ba tare da gajiya ko mantuwa ba.

Aikinka shi ne ka bayyana bayanan a cikin wani ƙaramin harshe da ake kira Ecore, kuma wannan zanen shi ne taswirarka. A shagon maganin naka za ka ƙirƙiri EClass, wato nau'in abu, guda uku, a ce Shago da Magani da Dillali. Magani zai samu siffofinsa, waɗanda ake kira EAttribute: suna, farashi, adadin da ya rage, da ranar da zai daina aiki. Daga nan sai alaƙa, wato EReference, kuma a nan ne ya kamata ka natsu. Shago yana ƙunshe da magunguna, saboda haka za ka nuna cewa alaƙar ta ƙunsa ce, ka sa iyakarta ta sama ta zama -1, abin da ke nufin babu ƙayyadadden adadi. Amma Magani ba ya ƙunshe da Dillali, nuni kawai yake yi zuwa gare shi, domin dillali ɗaya yana iya kawo magani iri hamsin. Idan ka rikita waɗannan biyun, za ka tarar duk lokacin da ka jingina dillali ga sabon magani ya ɓace daga tsohon, saboda a EMF abu ba ya zama cikin ma'ajiya biyu a lokaci guda.

Idan ka gama, sai ka samar da fayil na biyu mai suna genmodel, wanda yake ɗauke da zaɓuɓɓukan fitarwa, kamar sunan ƙunshin kod na harshen Java da wurin da za a ajiye fayiloli. Daga cikinsa ne za ka ba da umarnin fitarwa, sai ka ga kod ya fito kashi-kashi. Kashi na farko shi ne na bayanan kansu: kowane EClass yana samun fuskarsa ta Java da ainihin ginin da ke bayanta, misali Magani da MaganiImpl, tare da masana'antar ƙirƙirar sababbin abubuwa. Hanyoyin canza ƙima da aka rubuta maka, wato guntayen kod masu yin wannan aiki, suna sanar da duk sashen manhaja mai sauraro cewa an yi canji, kuma idan ka haɗa alaƙa biyu da eOpposite, wato alamar cewa ɗaya kishiyar ɗaya ce, za su riƙa daidaita juna da kansu. Kashi na biyu, mai ƙarewa da edit, shi ne ke kula da sunaye da gumaka da umarnin da ake iya janyewa a maido. Na uku, mai ƙarewa da editor, shi ne editan kansa: taga mai nuna bayanai kamar bishiya, inda za ka danna Shago da ɓangaren dama na linzami ka ƙara Magani, ka cike farashinsa a allon siffofi, ka adana a fayil na XMI, wato tsarin fayil da EMF ke ajiye bayanai a ciki. Ba dole ba ne ma ka fara da zane, domin EMF yana iya gina Ecore daga XML Schema, wato fayil mai bayyana tsarin bayanai, ko daga kod ɗin Java mai alamomi.

Abin da ba zai rubuta maka ba shi ne hankalin shagon. Lissafin riba, gargaɗi idan magani ya kusa lalacewa, da hana sayar da abin da ya ƙare, duk suna jiranka. Idan ka ayyana wani aiki a taswira, abin da zai fito gangar jiki ce kawai mai jefa UnsupportedOperationException, wato saƙon kuskure cewa ba a gina aikin ba, har sai ka cike ta da hannunka.

Tambaya: Na gyara wata hanya a cikin kod ɗin da ya fito, washegari na ƙara siffa ɗaya a taswira na sake fitarwa, sai na tarar gyaran nawa ya ɓace. Kuskuren manhajar ne?

Amsa: A'a, aikinta ta yi. Duba saman hanyar da ka gyara, za ka ga alamar @generated a cikin sharhi. Wannan alama izini ce ga injin fitarwa cewa wurin nasa ne, yana iya shafewa ya sake rubutawa duk lokacin da aka kira shi. Idan kana son gyaranka ya tsira, ka mayar da ita @generated NOT, sai sashen da ke haɗa sabon kod da tsohon, wanda ake kira JMerge, ya tsallake wurin. Abin da ya riga ya ɓace kuwa, ka neme shi a tarihin fayil da Eclipse ke ajiyewa, ko a Git, manhajar adana tarihin kod, idan ka saba adanawa, kuma idan ba ka saba ba yau ce ranar farawa.

Sai dai ina jan kunnenka kada ka mayar da NOT maganin kowace matsala. Duk hanyar da ka sa wa wannan alama ta fita daga kulawar injin, ta koma wuyanka, kuma idan taswira ta canza ita ba za ta bi ba. Kafin ka taɓa kod ɗin da aka fitar, tambayi kanka ko matsalar daga taswira take. Idan hatimin ofis yana da harafi a karkace, ba a bin takardu ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa da biro, hatimin ake sake sassaƙawa. Farashin da ya fito a matsayin rubutu maimakon lamba, ko jerin da ya fito a matsayin abu ɗaya, a Ecore ake gyara su. A ganina gyaran hannu ya dace ne da wurare kaɗan, kamar cike gangar jikin aiki ko sauya yadda sunan magani yake bayyana a bishiya.

Akwai kuma tarko biyu da ke tafe da canza taswira. Idan ka goge EClass, tsofaffin fayilolinsa na Java sukan zauna a wurinsu suna kawo kurakurai har sai ka cire su. Idan kuma ka canza sunan siffa, tsofaffin fayilolin XMI da ka adana za su ƙi buɗewa, domin suna ɗauke da tsohon sunan.

Tambaya: Shin zan iya miƙa wa mai shago wannan edita, ko in ɗora shi a wayar Android?

Amsa: Ba na ba ka shawarar haka. Editan bishiyar yana da amfani ƙwarai wajen gwada taswira da shigar da bayanan gwaji, amma mai shagon da layi ya tsaya a gabansa ba zai zauna yana buɗe rassa yana neman allon siffofi ba. Kuma an gina shi ne a kan dandamalin Eclipse na kwamfuta, saboda haka ba zai hau waya ba. Wanda yake son edita mai zane da akwatuna da layuka sai ya duba Sirius, wanda yake son ƙaramin harshen rubutu mai launi da cikon kalma sai ya duba Xtext, kuma dukansu a kan EMF suke tsaye.

Idan waya ce manufarka, riƙe tunanin fitar da kod daga taswira, amma ka sauya kayan aiki. Protocol Buffers, wanda Google ya buɗe wa jama'a a 2008, yana karɓar fayil ɗaya na proto mai bayyana siffar bayanai ya fitar da kod na Java ko Kotlin don waya da na Python don uwar garke, ta yadda ɓangarorin biyu ba za su saɓa a kan siffar bayanai ba. OpenAPI yana yin makamancin haka ga hanyoyin sadarwar intanet, shi kuma Django, kayan gina shafukan intanet da Python, yana samar da shafin gudanarwa kai tsaye daga tsarin bayanan da ka rubuta, wanda mai shago zai iya buɗewa a burauzar wayarsa. Tunda dai mai duba aikinka EMF ya ambata, ka kai masa taswirar Ecore ya amince da ita tun kafin ka fitar da layi ɗaya na kod, sannan ku tattauna ko fuskar manhajar da mai shago zai yi amfani da ita tana cikin abin da za a ba ka maki a kai.