Za mu je filin wasanni a Abu Dabi, ya zan yi da yara?

Tambaya: Maigida zai tafi sari Dubai, wannan karon da ni da yara uku, masu shekara 4, 8 da 13. Sun dame mu da maganar Ferrari World. Kowa zai iya hawa komai? Daga wata uwa a Zengo, Damagaram.

Amsa: Hajiya, kafin ku biya kuɗin tikiti, jingina kowane yaro da bango ki auna tsayinsa. A irin waɗannan wurare an fi duba tsayi a kan shekaru. Bakin kowane jirgin lilo akwai ma'auni, kuma yaron da bai kai ba, ko ya yi birgima a ƙasa ba za a bar shi ya hau ba. Dalili shi ne ƙarfen da ke sauka ya danne cinya: an ƙera shi daidai da babban jiki, ƙaramin yaro zai iya sulluɓewa idan jirgin ya kife.

Ferrari World na tsibirin Yas ne a Abu Dabi, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya a mota daga Dubai, an buɗe shi a 2010. Abin da ya yi masa suna shi ne jirgin lilon nan Formula Rossa, wanda ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin kusan daƙiƙa 5. Sai an ɗaura wa mutum tabarau kafin ya tashi, don a wannan gudu ƙwayar yashi ma tana iya raunata ido. Mai shekara 13 wataƙila ya kai, idan zuciyarsa ta ɗauka. Kada a tilasta masa don kawai an biya kuɗi. Mai juna biyu, mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na baya, su tsaya a ƴan kallo. Maigida ma ya ji wannan.

Ni dai da ƙananan nan biyu, Warner Bros. World, wani filin wasannin da ke nan kusa, wanda aka buɗe a 2018, zan fi ba ki shawara. Duka a rufe yake da na'urar sanyi, kuma wasannin ƙanana sun fi yawa.

Ku je tsakiyar mako, tun buɗewa, layi bai yi tsawo ba. A fara hawa sannan a ci abinci, in ba haka ba amai. Akwai wurin salla a ciki. Ki rubuta lambar wayarku ki saka wa ɗan autan a aljihu, mayafinki kuma ki ɗaure shi tamau kafin ki hau.