Tambaya da Amsa: Rumbu, Bashi da Dogara ga Allah

Tambaya: Baba Fasto, ina sayar da hatsi a Kasuwar Dole. Kowace kaka nakan ware buhuna in ajiye don iyalina har damina ta zago. Wani ɗan'uwa a majami'armu ya ce wannan rashin bangaskiya ne, tunda Yesu ya ce kada mu damu da gobe. Maganar ta tsaya mini a rai. In daina ajiya ne?
*Wani ɗan kasuwa, Damagaram*

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka daina. Abin da Ubangiji ya hana a Matiyu 6:25-34 shi ne damuwa, wadda ke hana barci tana cinye addu'a. Bai hana tanadi ba. Tsuntsayen da ya ba da misali da su ba sa zama a sheƙa su buɗe baki. Da asuba suke fita kiwo. Karin Magana 6:6-8 kuma tura malalaci ta yi wurin tururuwa ya ga yadda take tara abincinta tun da kaka. A Farawa 41 Yusufu ya ba Fir'auna shawarar a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara bakwai na ƙoshi, kuma da wannan ajiyar Allah ya ceci gidan Yakubu daga yunwa.

Mai yiwuwa ɗan'uwanka yana tunanin manna ne, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16, inda wanda ya kwana da ita ya tarar ta yi tsutsa tana wari. Gaskiya ne. Amma a can Allah ya ba da umarni ne takamaimai ga mutanen da ke cikin jeji ba gona ba rumbu, kuma a rana ta shida shi da kansa ya ce su tara ninki biyu saboda Asabar. Da suka shiga Kan'ana suka ci amfanin ƙasa, manna ta tsaya (Joshuwa 5:12). Mu nan damina ɗaya muke da ita a shekara, ta wata uku zuwa huɗu. Wanda Allah ya ba hatsi a watan Oktoba, ya ba shi abincin watan Yuli ke nan.

To nawa za ka ajiye? A nan ne bangaskiya da lissafi suke haɗuwa. Ka tambayi uwargida tiya nawa ake dakawa a rana, don ita ta san gaskiyar abin. In gidan mutum takwas ne ana cin tiya 2, a wata tiya 60 ke nan, wato buhu ɗaya da rabi idan buhun na tiya 40 ne. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da hatsi ke tsada rumbuna sun yi ƙasa, buhu 6 za ka nema. Ka ƙara buhu ɗaya ko biyu da sunan baƙo, gwauruwa da maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa, Kirista ne ko Musulmi. Tun ranar ajiya ka sa musu alama dabam, domin in ba ka ware su tun farko ba, ranar da mabukaci ya zo zuciya za ta ce maka ba zai isa ba. Ajiyar kanta amana ce: hatsin ya bushe sarai, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, wake kuma a sa shi a buhu mai leda biyu a ciki a ɗaure kowace leda tam, kada a riƙa buɗewa, don iska na shiga ƙwari za su farfaɗo.

Inda haɗarin yake gare ka, a matsayinka na mai sayarwa, shi ne Karin Magana 11:26: mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, albarka kuwa tana kan mai fito da shi ya sayar. Sayen kaka a sayar da bazara da riba daidai gwargwado sana'a ce. Amma ka kulle sito kana jin yunwa ta shiga unguwa, kana jiran tiya ta ƙara tashi, wannan zunubi ne ko da kana ba da zakka kowace Lahadi. Mai arzikin nan na Luka 12:16-21 ba don ya gina rumbu aka kira shi wawa ba. Karanta maganarsa ka ji: amfanina, rumbunana, raina. Babu Allah a lissafinsa, babu maƙwabci.

Tambaya: Wani mai wa'azi ya zo taro ya ce duk mai neman buɗi ya “shuka iri” na jika hamsin (sefa dubu hamsin), Allah zai mayar masa ninki ɗari. Ba ni da su, amma kwasar adashena ta kusa, kuma kuɗin makarantar yara ne. In bayar? Mijina bai sani ba.
*Wata uwa, unguwar Birni*

Amsa: Ƴar'uwa, kada ki bayar, kuma ki gaya wa maigidanki yau. Baikon da sai an ɓoye wa miji kafin a yi shi, tun daga nan akwai matsala.

Ba a sayen albarkar Allah. A Ayyukan Manzanni 8:18-20 Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Bulus ya gargaɗi Timoti game da masu ɗaukar ibada hanyar samun riba (1 Timoti 6:5). Ninki ɗarin da ake yawan ambata daga misalin mai shuka ne, a Markus 4, kuma Yesu da bakinsa ya fassara irin: Maganar Allah ce, ba kuɗi ba. Abin yana ba mu baƙin ciki ƙwarai, domin ana tatsar mata da marasa lafiya da irin wannan wa'azi, idan buɗin bai zo ba kuma a ce bangaskiyarsu ce ta gaza.

Ƙa'idar bayarwa a sarari take. Ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba (2 Korintiyawa 8:12). A bayar yadda aka yi niyya a zuci, ba da tilas ba (9:7). A riƙa warewa a ranar farko ta mako, gwargwadon samu (1 Korintiyawa 16:2). Kula da iyali kuwa ibada ce, har 1 Timoti 5:8 ta ce wanda ya ƙi kula da nasa ya musunci bangaskiya. Saboda haka ranar kwasa, kafin kuɗin su kwana a ɗaki, ki je ki biya makaranta ki karɓi takardar shaida. Baikonki ki riƙa cire shi daga ribar sana'arki ta mako. In jika biyar kika samu, kika ƙudura ushiri, dala ɗari ce, wato sefa ɗari biyar. Ki kai inda dattawa biyu ko uku suke ƙirgawa tare, ana rubutawa, ana karanta rahoto gaban jama'a. In an sake matsa miki, ki kai maganar ga fastonki ko shugabar zumuntar mata. Bashi kuwa kada ki ci don baiko ko kaɗan. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da shi ne.

Tambaya: Ina kabu-kabu da babur ɗin wani. Ina addu'a, ina azumi, amma har yanzu ban mallaki nawa ba. Ko bangaskiyata ce ba ta girma?
*Wani matashi, Zango*

Amsa: Ɗana, ba a auna girma cikin Ruhu da babur. Bulus ya rubuta wasiƙar Filibiyawa yana ɗaure, ya ce ya koyi zaman ƙoshi da na yunwa (4:11-13). *Koya* ya yi, ba dare ɗaya abin ya zo masa ba. Alkawarin 4:19 na biyan bukata ne. Addu'ar Agur a Karin Magana 30:8-9 ta dace da bakinka: kada talauci, kada wadata mai sa mantuwa, sai abincin da ya ishe ni.

Ga inda za ka duba kanka. Kana cika wa mai babur kuɗinsa ba ƙarya ranar da aiki ya yi kyau? Baƙon da bai san gari ba, kana faɗa masa kuɗin da kake faɗa wa ɗan gari? In abokinka ya sayi sabo, kana iya yi masa barka da zuciya ɗaya?

Son mallakar naka ba laifi ba ne, ka ci gaba da roƙo. Ka haɗa da ajiya: dala ɗari kullum, kwana shida a mako, jika uku ke nan, a shekara ya haura jika 150. Kada ka riƙe su a aljihu, don biki da katin waya za su cinye. Ka shiga adashen mutanen da ka sani, ko ka buɗe asusu, ka kuma roƙi wani dattijo a ikilisiya ya riƙa duba littafinka ƙarshen kowane wata.