Me ya sa mura ke kwantar da tsofaffi?

Malama, kin tambayi dalilin da mura mai zazzaɓi ta kwantar da Baba makonni, alhali jikokinsa sun warke da wuri. Shekaru ne. Daga wajen 65 garkuwar jiki tana ja baya, sinadaran da jini ke ƙerawa don kama ƙwayar cutar kan yi ƙaranci, kuma ba sa fitowa da sauri. Jiki ya fi tuna irin murar da ya fara haɗuwa da ita a yarinta, shi ya sa a annobar murar aladu ta 2009 tsofaffi da yawa suka samu ɗan kariya, domin ta yi kama da wadda suka haɗu da ita suna yara. Amma sabon iri yana kayar da su.

Don Allah, a hunturun nan, in numfashinsa ya yi nauyi ku kai shi Asibitin Murtala, kada ku tsaya kemis.