Me ya sa kumbo ɗaya ne kawai ya taɓa kaiwa Uranus da Neptune?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa har yau Voyager 2 ne kaɗai ya ziyarci waɗannan duniyoyi biyu. Babban dalilin shi ne nisa, sannan da wata dama da ba kasafai ake samun irinta ba.

Hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon a ranar 20 ga Agusta, 1977, a daidai lokacin da Jupiter, Saturn, Uranus da Neptune suka jeru a gefe guda na rana, jerin da ke maimaituwa kusan sau ɗaya a shekara 175. Injiniyoyi suka tsara hanyarsa ta yadda ƙarfin jan kowace duniya zai ƙara masa gudu ya cilla shi zuwa ta gaba, kamar dutse daga majajjawa, don haka ya isa Uranus a 1986, ya kai Neptune a 1989, cikin shekara 12 kacal.

A can hasken rana ya yi rauni ƙwarai, shi ya sa kumbon yake samun lantarki daga zafin sinadarin plutonium, wanda samar da shi ke da tsada da wahala.

Abin da ya fi burge ni shi ne Triton, watan Neptune, inda kyamarar kumbon ta hango turnuƙun iskar nitrogen yana feshi daga ƙanƙara zuwa tsayin kilomita 8. A ganina, wannan kaɗai ya isa hujjar a sake tura wani kumbon da zai zauna yana kewaya Neptune shekara da shekaru.