Wasiƙunku: "Malama, Kuɗin Littafi Ya Fi Ƙarfina"

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan wata, domin kukansu ɗaya ne. Na taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Malama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni uwa ce, muna zaune a Mabera, ɗiyana uku. Wanga zango maigidana ya kasa biyan kuɗin makarantar kuɗi, dole muka cire su. Babbar tana aji huɗu, mai bi mata yana aji biyu, autan bai shiga ba tukuna. Na gama sakandare, ina jin zan iya koya musu da kaina, amma kuɗin littattafai ya fi ƙarfina. Waya kaɗai gare ni. Ta ina zan fara? (Wata uwa daga Mabera)

AMSA: Ƙanwata, Allah Ya buɗa wa maigida, Ya sa wannan ƙunci ya zama tarihi. Kafin in zo kan littafi, bari in faɗa miki abin da wataƙila ba shi kika so ji ba: ki kai yaran nan firamaren gwamnati mafi kusa da ku, a rubuta sunansu cikin wannan mako. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi ne. Ban da doka ma, babbar taki nan da shekara biyu za ta buƙaci shaidar gama firamare. Na san abin da ke ranki: cunkoso, da maganar maƙwabta cewa an koma baya. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a irin waɗannan azuzuwa, kuma yaran da suka fi yin fice a hannuna su ne waɗanda wani a gida yake zama da su ko da na rabin awa ne kullum. Wannan zaman shi ne aikinki. Tunda yamma ta Islamiyya ce, ki zaɓi tsakanin Magariba da Isha'i, ko bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi, ki riƙe lokacin nan kamar yadda kike riƙe lokacin girki.

Ki fara da na aji biyu. Rubuta masa "tasa", "gida", "kujera" a takarda, ki ce ya karanta. Kada ki yi mamaki idan ya tsaya yana kallonki. Na ga yara da yawa da ke rera waƙoƙin Turanci tiryan-tiryan, amma ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Hausa tana da sauƙin da Turanci ba shi da shi, domin galibi yadda ake faɗar kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya iya haɗa gaɓoɓi a harshen da yake mafarki da shi, in ya zo Turanci ba daga tushe zai fara ba.

Kayan aikin farko yana shagon unguwarku. Ki roƙi kwalin taliya da ya kwashe kayansa, ki yayyanka shi kamar tafin hannu, ki rubuta gaɓa ɗaya a kowane: ba, bi, bu, ra, ƙu, mi, ya, da sauransu. Akwai wani yaron maƙwabciyata, ɗan shekara takwas, da aka riga aka yanke masa hukuncin cewa ba ya ganewa. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zube masa kwalayen nan. Kwana huɗu muna faɗin gaɓoɓi ɗai-ɗai. A rana ta biyar ya jawo "ra", ya sa "ƙu" kusa da shi, ya daɗe yana motsa baki ba sauti, sannan ya lalubo "mi". Sai ya ɗago kai ya ce, "Inna, raƙumi!" Ban ce komai ba, na ture "ra" da "ƙu" gefe, na ajiye "ya" a bayan "mi". Da ya gane miya ce, kwasar kwalayen ya yi da gudu zuwa madafa ya nuna wa uwarsa. Har yau in na tuna yadda hannunsa ke rawa, sai in ji ƙwalla.

Littafi kuwa, akwai wanda aka yi domin yaranmu. A ƙarƙashin wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa daga 2015, an buga jerin littattafan "Mu Karanta!" na aji ɗaya zuwa uku, aka raba su a makarantun gwamnati na jihohin Sakkwato da Bauchi, na ɗalibi daban, jagoran malami daban. Idan kin kai yaran, ki gaida hedimasta da ladabi, ki nemi aron jagoran malami na kwana ɗaya, ki yi fotokwafin darussan makonni huɗu kawai. Jagoran ya fi miki amfani a kan na ɗalibi, don shi ne ke nuna abin da za ki faɗa da abin da yaro zai yi, mataki-mataki.

Yanzu ga wayarki. Akwai African Storybook, wanda wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu ke kula da shi, da StoryWeaver na ƙasar Indiya. Dukansu kyauta ne, dukansu suna da labaran yara masu hotuna da Hausa, an kuma jera su daga mai kalma kaɗan a shafi zuwa mai dogon zance. Ana iya sauke labari a ajiye a waya a karanta ba data, an kuma yarda a buga shi a takarda. Ki sayi datar dare sau ɗaya, ki sauke kamar ashirin, sun ishe ki wata guda. Sai dai ki karanta kowane labari ke kaɗai kafin ki kai gaban yara. Wasu an fassara su da kyau, wasu Hausarsu ta yi tauri, a wasu kuma ba a sa lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ ba, ga shi yaro mai koyo bai san ya bambanta "kafa" da "ƙafa" da kansa ba. Wanda bai dace da tarbiyyar gidanki ba, ki wuce shi.

Babbar kuma ki yi mata rajista a Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Darussa ne na firamare da sakandare bisa manhajar karatun ƙasa, ba a biyan kuɗin shiga, akwai kuma na Hausa a ciki. Darussan bidiyo suna cin data, don haka ki ware su ga abin da ya shige miki duhu, kamar lissafin ɓangare. Wayar ta zauna a hannunki. Ki kalli darasin tare da ita, ki kashe, sannan ta yi aikin a takarda.

Lissafin ƙananan ba ya buƙatar waya ko kaɗan. Ƙwallayen dabino da marafan lemo sun isa tarawa da ɗebewa. In aka zo gomomi, ki kakkarya tsinken tsintsiya, ki ɗaure goma-goma da roba: ɗauri uku da tsinke huɗu, talatin da huɗu ke nan. Ranar da za a cire takwas daga ciki, yaro da hannunsa zai kwance ɗauri ɗaya, a nan zai gane abin da ake nufi da "aro". Autan ma ki bar shi ya zauna yana ƙirga nasa.

Kada ki ji kamar wani baƙon abu kike yi. A garin nan namu na Sakkwato Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru: mata jagorori da ake kira jaji suna zuwa daga ƙauyuka da malfa a ka, su koyi karatu a waƙe, su koma su koyar da mata a cikin gidajensu. Marigayi Shehu Shagari ma, tun yana malamin makaranta, waƙar Hausa ya tsara don yara su riƙe labarin ƙasar Najeriya. Ki sa wa jadawalin sau kari, ku riƙa rerawa kina tankaɗe. Wata Asabar kuma ki kai su Hubbaren Shehu, ku wuce gidan tarihi na Waziri Junaidu, da kun dawo babbar ta rubuta abu biyar da ta gani.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe. Ni malami ne a wani ƙauye ta wajen Gwadabawa. Ajina ya haura yara tamanin, littafin da ke hannuna ɗaya ne, sabis kuwa sai an hau tudu. Duk abin da ake faɗa na intanet kamar ba da mu ake ba. Mene ne nawa a ciki? (Wani malami)

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka. Kafin ka hau tudu, ka nemi makullin sito. Ina faɗin haka ne saboda abin da ya same ni a wata makaranta da aka taɓa mayar da ni. Zango biyu ina kwafar darasi a allo daga littafi ɗaya tak, yara suna kwafa daga allo. Ranar da ruwa ya yi gyara aka buɗe wani ɗaki don a kwashe kaya, sai ga katan-katan na littattafai ko ɗaurinsu ba a kwance ba, gara ta cinye na ƙasa har ta gina gida a ciki. An ɓoye su ne wai kada yara su yaga, kada masu duba makarantu su zo su tarar ba su cika ba. Na zauna a bakin ƙofar nan ina ware masu rai daga matattu, raina a ɓace. Don haka ka tambayi hedimasta, in babu ka tambayi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ka kuma sake tambaya. In ka samu ashirin ma, yara huɗu ga littafi ɗaya, ka naɗa wa kowane rukuni shugaba mai karɓa da mayarwa.

Na intanet kuwa, dabarar ita ce a sauke sau ɗaya a ci moriya shekara. Ranar da ka shigo gari ɗaukar albashi, ka zo da memori. Abu na farko da zan so ka sauke shi ne darussan TESSA, waɗanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta shirya tun 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Da Turanci suke, amma an rubuta su ne domin malami irinka, mai babban aji da ƙarancin kaya, kuma akwai sashe musamman kan tafiyar da aji mai cunkoso. Na biyu, manhajar waya mai suna Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a waya a duba ba sabis, har da ta Hausa. In kana da niyyar ƙaro karatu, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya ta sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa ko ba ɗalibinta ba ne. Ku haɗu ku biyar daga makarantun da ke kusa, kowa ya sauke abu ɗaya, ku tura wa juna ta Xender.

Amma yara tamanin ba za su leƙa waya ɗaya ba. Abin da ka karanta da dare, bango ne zai kai musu shi. Bayan tsohuwar kalanda ya isa jadawalin gaɓoɓi. Allon da ya koɗe, mu gawayi muke dakawa mu kwaɓa da ruwan ƙaro mu shafa ranar Juma'a, kafin Litinin ya bushe. Kana kuma zaune cikin malaman kimiyya da ba sa karɓar albashi. Ka gayyato manomin albasa ya yi wa yara bayanin yadda ake renon iri kafin dashe, da dalilin da ya sa ake yi wa rumbun albasa hanyar iska. Ka kira maƙeri ya nuna abin da zugazugi ke yi wa wuta. Su yi bayani da Hausarsu, kai kuma ka ɗora sunayen da ke cikin manhaja. Iyayen da aka girmama haka ba sa saurin janye yaro zuwa gona.

TAMBAYA: Malama, bana na gama NCE, na samu koyarwa. A wani zauren WhatsApp ana sayar da shiryayyun darussa na shekara guda. In saya? (Wata sabuwar malama daga Runjin Sambo)

AMSA: 'Yata, barka da shigowa. Kada ki tura kuɗi kan abin da ba ki gani ba. Ki ce a nuna miki darussan mako ɗaya, ki gwada su da manhajar da NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatun ƙasa, ta fitar, wadda ya kamata a samu kwafinta a ofishin makarantarku, domin ana sabunta manhaja, masu sayarwa kuwa sukan yi ta juya tsoho. Waɗanda na gani da idona, yawancinsu kwafe ne daga abin da ke kyauta, misalansu kuma na wasu wurare ne da yaranki ba su taɓa gani ba. In wani ya ce ki turo lambar da banki ko WhatsApp suka aiko miki don a "buɗe miki" darussan, ki toshe shi nan take. Ki nemi malamar da ta fi daɗewa a makarantarku, ki gaishe ta, ki roƙi aron tsohon littafin shirin darasinta na zango ɗaya. Ki sa masa bango da takarda kafin ki mayar mata.