Sadakarmu da "tsedaka" ta Yahudawa: kalma ɗaya ce?

Tambaya: Malam, na ji an ce Yahudawa ma suna da kalmar "sadaka" a harshensu. In haka ne, ma'anarsu da tamu ɗaya ce?

Amsa: Suna da ita, suna cewa "tsedaka". Hausa ta aro sadaka daga Larabci, Larabci da Ibrananci, harshen Yahudawa, kuwa 'yan gida ɗaya ne, kalmomin biyu sun fito daga tushe mai baƙaƙe uku: sad, dal, ƙaf. Daga nan muka sami sadaki da laƙabin Siddiƙu. Sai dai a Larabci tushen ya fi karkata ga gaskiya, a Ibrananci kuma ga adalci. "Tsedek" shi ne adalci, kamar yadda ya zo a Attaura, Maimaitawar Shari'a 16:20, inda aka nanata kalmar sau biyu: adalci, adalci za ka bi.

A nan masu fassara ke tuntuɓe. In Bahaushe ya ce sadaka, kyauta yake nufi ta ganin dama, domin neman lada. Tsedaka kuwa wajibi ce, har matalaucin da ake ba shi ma ana so ya bayar. A ganina "haƙƙin matalauci" ya fi dacewa da ita, ta kuma fi kusa da zakka.

Dubi dokar gona a Littafin Firistoci 19:9-10. Manomi ba zai girbe gonarsa kakaf ba, zai bar gefe ga matalauci da baƙo. Malamansu a littafin Mishna sun ce kada abin da aka bari ya gaza kashi ɗaya cikin 60. Zangarniya ɗaya ko biyu da ta suɓuce wa mai girbi ta zama ta matalauci, in uku suka faɗi tare na mai gona ne. Damin da aka manta a gona ba a komawa ɗaukarsa. Mai gona kuma ba shi da ikon zaɓen wanda zai ɗiba, tunda ba dukiyarsa ba ce. Muna da kalmar wannan aiki, wato kala, amma a wajenmu al'ada ce da kara, a wajensu doka.

Musa bin Maimun, malamin Yahudawa da aka haifa a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya kasa tsedaka hawa takwas. Na ƙasa shi ne bayarwa da ɓacin rai. Na biyu daga sama, mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba. Mafi girma shi ne ka ba mutum rance, ko jari, ko aikin yi, har ya tsaya da ƙafarsa.

Tambaya: Karin maganar "baƙonka annabinka" tana da takwara a wajensu?

Amsa: Tana da ita a ma'ana. Suna kafa hujja da Annabi Ibrahim a Attaura, Littafin Farawa 18, da ya hango baƙi uku da tsakar rana ya sheƙa ya tarye su, ya sa aka yanka maraƙi. Daga nan Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, ya ce saukar baƙi ta fi girma bisa ga tarbar halartar Ubangiji. Abin da ya fi kama da namu shi ne rakiya: Musa bin Maimun ya ce raka baƙo ya fi saukarsa lada, Talmud kuma ya ce ko rakiyar kamu huɗu ce tana da amfani.