Ga malamin da aka ba Fiziks a bana: kada ka yi tsere da manhaja

Malam, ka ce an danƙa maka darasin Fiziks na babbar sakandare a wannan shekara, manhajar tana da faɗi, darussan mako ba su da yawa, kayan gwaji kuma ba su wadata ba, kana son sanin yadda za ka raba zango uku har ka kammala komai. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma zan faɗa maka abin da na gani, sai dai ina roƙonka ka ɗan sassauta wa kanka a kan batun kammalawa, domin shi ne ya ruɗe ni a farkon aikina.

A shekarata ta farko na gama manhaja tun da sauran makonni, ina ganin na yi abin a zo a gani. Ranar bita sai na jefa alli sama na cafe, na tambayi aji cewa bayan allin ya bar hannuna yana hawa, wane ƙarfi ne ke aiki a kansa. Kusan dukkansu, har da masu karanto dokokin Newton uku da ka ba tare da tuntuɓe ba, suka ce ƙarfin hannuna ne yake cikin allin yana tura shi, idan ya ƙare sai allin ya faɗo. Alhali kuwa, in ban da 'yar tirjiyar iska, jan ƙasa ne kaɗai ke aiki a kansa tun daga lokacin da ya bar hannu, kuma shi ne ke rage masa sauri da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Jikina ya yi sanyi ranar nan, don na gane cewa haddar ta zauna a littafi, amma abin da yaran suka shigo da shi yana nan daram a cikin kawunansu.

Ba laifinsu ba ne. Yaron da ya shekara goma sha biyar yana tura abubuwa yana ganin suna tsayawa da zarar ya daina, yana da hujjar ɗaukar cewa motsi ba ya ɗorewa sai da mai turawa, tunda gogayya ba ta ganuwa da ido. Manyan masana irin su Ibn Sina da Jean Buridan sun yi bayanin jifa da wani abu da ke zama a jikin abin da aka jefa, kuma sai da Galileo ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako, sannan Newton ya fitar da dokokinsa a 1687, kafin maganar ta daidaita. Abin da ya ɗauki masana ɗaruruwan shekaru ba zai kau daga kan ɗalibi da layi uku a allo ba.

Saboda haka na ɗora shekarata a kan abu guda: ba na nuna gwaji sai kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa da dalilinsa, ya kuma yi gardama da na kusa da shi na minti biyu. Ka ɗaga littafi da takarda, ka tambaye su wanne zai riga faɗuwa. Ka sake su, littafi ya riga. Sannan ka ɗora takardar a bayan littafin ka saki, su ga sun sauka tare. Bayan haka ne nake ba su labarin David Scott, ɗan sama jannati, wanda ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata a 1971 suka isa ƙasa lokaci ɗaya saboda babu iska. Wannan hanya ba ra'ayina ba ne kawai. A 1998 Richard Hake, wani masanin Fiziks, ya wallafa bincike a kan ɗalibai sama da 6,000, ya nuna cewa azuzuwan da ake sa ɗalibai su yi tunani su tattauna sun ninka azuzuwan da malami kaɗai ke magana kusan sau biyu wajen ƙaruwar fahimtar motsi da ƙarfi.

Game da rabon lokaci, makonni uku na farko nakan ba da su ga awo da lissafi, ba na kuma jin na yi asara. Yawancin waɗanda ke cewa Fiziks ya fi ƙarfinsu, idan ka zauna da su za ka tarar ba su iya juya fomula su fitar da harafin da ake nema ba, ko mayar da santimita zuwa mita, ko zaɓar ma'aunin da ya dace a takardar giraf. Idan ka tsallake wannan, zai biyo ka har ƙarshen shekara.

Gwajin da na fi dogara da shi a waɗannan makonni shi ne na lilo, kuma ba ya buƙatar komai sai zare, da noti mai ɗan nauyi, da rula, da agogo. Ka sa su ɗaure zare mai tsawon mita 1, su ja notin kaɗan su saki, su ƙirga zuwa da dawowa sau 20. Za su samu kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 ga kowane zagaye. A nan za ka tsaya ka tambaye su abin da ya sa ba a auna zagaye ɗaya kawai ba, har su gano da kansu cewa jinkirin yatsa wajen danna agogo yana raguwa idan aka raba shi gida ashirin. Daga nan ka ce su yi hasashen tsawon zaren da zai ba da daƙiƙa 1. Kusan kowa zai ce santimita 50, su gwada su ga ba haka ba ne, su yi ta rage zaren har su iso santimita 25. Na sha ganin yaro ya tsaya riƙe da zare yana kallon rula, ya sake aunawa don bai yarda ba, kuma a wurina wannan sake awon ya fi amsa daidai daraja. Idan suka canja noti da mai nauyi suka ga lokaci bai canja ba, sannan suka zana tsawon zare da murabba'in lokaci suka samu miƙaƙƙen layi, suka fitar da adadin da ya kusanci 9.8 na jan ƙasa daga gangarensa, to sun riƙe lamba da hannunsu, ba wadda aka ba su ba.

Sauran zangon farko na motsi da ƙarfi ne, kuma a nan nake jan ƙafa da gangan. Ba na karɓar lissafi sai an zana abin da ake magana a kansa da kibiyoyin ƙarfin da ke aiki a kansa, kowace kibiya kuma sai an faɗi abin da ke haifar da ita. Amsar da ba ta da ma'auni a gabanta, ko mita ce ko daƙiƙa, ba na ba ta cikakken maki tun daga makon farko, don idan ka yi sassauci a nan, gyara yana wuya.

Zafi da sauti da haske sun fi tafiya da sauri, domin ido da kunne suna taimakawa. Tazarar da ke tsakanin walƙiya da tsawa ta isa ta nuna bambancin saurin sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa, da na haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Da kwali da allura da farar takarda mai shara-shara za su haɗa akwatin da hoton kyandir ke fitowa a kife, sai ka ambata musu Ibn al-Haytham wanda ya yi irin wannan bincike a Alƙahira wajen shekara dubu da ta wuce, ya kuma tabbatar da cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo.

Idan manhajarka ta sa lantarki a bana, ka tanadar masa lokaci kusan kamar na motsi, domin shi ma yana da nasa ruɗanin. Ka ba kowane rukuni batir ɗaya, da ƙaramin ƙwan fitila, da waya ɗaya tak, ka ce su kunna. Da yawa za su haɗa kan batir da gindin ƙwan su yi ta jira, saboda suna ɗaukar wuta kamar ruwan da ke fita daga tulu ya ƙare a ƙwan. Sai sun gano cewa dole hanya ta zagayo ta rufe kafin dokar Ohm ta yi musu ma'ana. Da kamfas da waya da batir za ka maimaita abin da Oersted ya gani a 1820, wato wutar da ke bin waya tana juya allurar kamfas, da naɗin waya da maganaɗisu kuma abin da Faraday ya gano a 1831, wato motsa maganaɗisu cikin naɗin waya yana haifar da wuta. Ina roƙonka kada ka bari ɗalibi ya yi gwaji da wutar soket ko da wasa. Batir ya wadatar ga duk abin da suke buƙata.

Ka bar makonni uku na ƙarshe don bita da tambayoyin jarrabawar baya, kuma kada ka cinye su wajen cike giɓi. Idan lokaci ya ƙure, gara ka taƙaita batutuwan da bayani ne kawai, ka ba su karatu da tambayoyi su yi a gida, da ka yanke gwaji. Ni ina da wani littafi da nake rubuta amsoshin kuskure da suka fi maimaituwa, a rubuce yadda yaran suka faɗe su ba tare da sunan kowa ba, kuma daga cikinsa nake ɗauko tambayoyin bita. Tambayar alli tana shafin farko, nakan yi ta a makon farko, in sake yin ta a ƙarshen zangon farko, in kuma dawo da ita a bita ta ƙarshe da ƙwallo a maimakon alli, don in ga ko amsar za ta tsaya idan siffar tambayar ta canja.